FASHIN BAƘI: Daga ina ya kamata shafin intanet ya samo hotunan da yake wallafawa?

A watan Mayun 2014, lokacin da duniya ke kiran a ceto ɗaliban sakandaren Chibok, hotunan wasu 'yan mata sun karaɗe intanet ɗauke da taken fafutukar. Dubban mutane sun yaɗa su da kyakkyawar niyya. Sai dai 'yan matan ba 'yan Chibok ba ne, ba ma 'yan Najeriya ba ne. Wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Ami Vitale, ce ta ɗauke su a Guinea-Bissau shekaru kafin aukuwar lamarin, kuma babu wanda ya nemi izininta ko na iyayensu.

Wannan kuskure ya ƙunshi tambayoyi biyu da ya wajaba duk mai shafin intanet ya amsa kafin ya ɗora hoto: na wane ne, kuma shin abin da yake nunawa shi ne abin da aka ce yana nunawa?

Hoto dukiya ce

Da yawa suna ɗauka duk hoton da Google ya fito da shi halal ne ga kowa. Google nuni kawai yake yi zuwa inda hoton yake, ba shi ne mai shi ba. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, hoto yana da kariya ta shekara 50 bayan shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Dokar ta kuma bai wa mai hoto damar neman a sauke aikinsa daga intanet idan an ɗora ba da yardarsa ba. Rubuta sunansa a ƙasan hoton ladabi ne, amma bai zama izini ba.

Manyan kafafe ma sun taɓa ƙonewa a nan. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, kamfanonin AFP da Getty Images sun rarraba hotunan da Daniel Morel ya ɗora ta Twitter ba tare da izininsa ba. A 2013 wata kotu a New York ta umarce su su biya shi dala miliyan 1.2.

Hanyoyin samu na halal

Hanya ta farko ita ce saye, ko dai daga kamfanonin dillancin labarai irin su NAN da Reuters da AFP, ko daga mai ɗaukar hoton kai tsaye, tare da rubutacciyar yarjejeniya ko da ta saƙon waya ce.

Ta biyu ita ce rumbunan kyauta. Wikimedia Commons na ɗauke da fayiloli fiye da miliyan 100, akasari ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kuma kowane lasisi da sharaɗinsa. CC BY na bukatar a ambaci mai hoton. Alamar NC ta haramta amfani da shi don kasuwanci, abin da ya kamata shafin da ke karɓar talla ya kula da shi. ND ta hana sauya masa kama. CC0 ne kaɗai ba shi da wani sharaɗi. Unsplash da Pexels da Pixabay ma suna bayarwa kyauta, sai dai da wuya mai neman kasuwar Dawanau ko masunta a Yauri ya dace a can.

Wannan giɓi ne ya sa hanya ta uku ta fi daraja: ka ɗauka da kanka. Wayar hannu ta wadatar idan akwai haske kuma an goge idon kyamarar. A nemi yardar wanda za a ɗauka, a kuma ɓoye fuskar ƙananan yara da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Idan labarin na alƙaluma ne, taswira ko jadawali da aka haɗa da manhaja irin Canva ya fi hoton aro amfani.

Tantancewa kafin wallafawa

Haɗarin hoton ƙarya ya wuce tara. Wani binciken BBC kan rikicin jihar Filato na watan Yunin 2018 ya gano cewa wani bidiyon kisa da aka yaɗa a Facebook a matsayin abin da ya faru a jihar, a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. 'Yan sanda sun shaida wa masu binciken cewa irin waɗannan hotuna sun rura wutar ramuwar gayya.

Binciken bai fi minti biyar ba. A saka hoton a Google Lens ko TinEye domin ganin inda ya fara bayyana da lokacin. A duba lambar mota, rubutun allon shago, kakin jami'an tsaro da yanayin gari. Ciyawa kore shar ba ta dace da labarin da aka ce ya faru a Katsina cikin hunturu ba. A kuma nemi ainihin fayil ɗin daga wanda ya ce shi ya ɗauka, domin hoton da ya bi ta WhatsApp yakan rasa bayanan ranar ɗauka da nau'in waya.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula lissafi. Hoton Fafaroma Francis sanye da farar rigar sanyi, wanda ya ruɗi jama'a a watan Maris na 2023, manhajar Midjourney ce ta samar da shi. Ana iya amfani da irin wannan hoto a matsayin zanen misali, muddin an faɗa wa mai karatu ƙarara. Bai halatta ya tsaya a madadin abin da ya faru ba.

Kafin a latsa

Saura hidimar mai karatu. A rage nauyin hoton zuwa tsarin JPEG ko WebP don kada ya cinye datar wanda ke karatu a ƙauye. A rubuta ɗan bayanin da manhajar makafi za ta karanta musu. A ƙasa kuma a sa sunan mai hoton, wurin da ranar. Idan tsohon hoto ne, a faɗa.

Idan kuwa an rasa hoton da aka tabbatar da asalinsa, gara labarin ya fita babu hoto. Mai karatu zai yafe wa shafin da bai ƙawata labarinsa ba, amma da wuya ya sake yarda da wanda ya taɓa nuna masa gawar wata ƙasa ya ce ta garinsu ce.