Rikoda, Kaset da Kunne: Ina Gaskiya, Ina Shaci-faɗi?

Har yau akwai gidajen da rikoda mai kaset ke zaune a kan kabet, an lulluɓe ta da ƙyalle, kusa da kwalin da aka tara tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da waƙoƙin Mamman Shata da na Musa Ɗanƙwairo. Tun 1963 da kamfanin Philips ya fito da wannan kaset, maganganu iri-iri suka taru a kansa, wasu daga bakin masu gyaran rediyo, wasu daga zaman majalisa. Wasunsu gaskiya ne, wasu kuwa sun lalata rikodoji da yawa.

Maganar da ta fi yawo ita ce idan rikoda ta tauna zare, kaset ɗin ne jabu. Yawanci ba haka ba ne. A cikin rikoda akwai wani siririn ƙarfe mai juyawa da wata 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikinsa, su ne ke jan shi da saurin santimita 4.76 a daƙiƙa. Zaren kaset roba ce da aka shafe da garin ƙarfe mai kama maganaɗisu, kuma duk wucewa sai ya bar ɗan burbushi. Burbushin nan ya haɗu da ƙurar hunturu, tayar ta yi danƙo ko ta yi santsi, sai zaren ya naɗe a jikinta. Inda maganar ke da ƙamshin gaskiya shi ne kaset mai lamba C120. Don a cusa awa biyu a cikin gidan da bai canza girma ba, sai da aka sirantar da zaren ƙwarai, shi ya sa ya fi C60 da C90 saurin miƙewa da sarƙewa.

To da me za a wanke? Nan ne aka fi yin ɓarna. Wani ya ce turare, wani ya ce kalanzir, akwai ma mai dangwalar yawu. Turare yana barin maiƙo, kalanzir da fetur suna cin roba. Abin da ya dace shi ne sifirit irin na kemis a kan auduga mai tsinke, a goge kan rikodar, wato sashen da ke karanta sautin zaren, da ƙarfen mai juyawa a hankali, a bari su bushe kafin a sa kaset. Ita tayar roba, ɗan ruwa a auduga ya wadatar, don yawan sifirit yana busar da ita. Allura ko reza kada su kusanci kan, domin ƙarzuwa ɗaya ta isa ta riƙa kankare duk kaset ɗin da ya bi ta wurin.

Idan murya ta fara ja kamar mai waƙar yana jin barci, sai ka ji an ce a ɗiga man keke. Kada a yi. In ba batir ne ya yi sanyi ba, galibi bel ɗin roba na cikin rikodar ne ya saki ko ya narke saboda tsufa, kuma mai ba zai ƙara masa komai ba sai sulɓi. Sabon bel shi ne magani.

Cewa zafin rana da maganaɗisu na kashe kaset gaskiya ne. Kaset ɗin da aka bari a gaban mota cikin zafin Afrilu gidansa kan lanƙwashe, wanda kuma aka jingina da bayan babbar lasifika na iya rasa kaifin muryarsa. Haka nan gaskiya ne barin maɓallin kunnawa a danne bayan an ɗauke wuta yana sa tayar roba ta lotsa a gefe guda. Tsoron da ake yi wa kaset mai kurom, wai yana cinye kan rikoda, an kambama shi fiye da ƙima. Datti ya fi shi ɓarna nesa ba kusa ba.

Dattin nan kuwa bai tsaya ga na'ura ba. Kan da ya yi datti siraran sautuka yake fara haɗiyewa, sai murya ta dusashe, mai sauraro ya kasa tantance kalmomi, hannunsa ya tafi ga maɓallin ƙara murya. Ƙarar ta ƙaru, maganar ba ta fito ba. Ta haka rashin goge rikoda ke zama matsalar kunne.

Wasu masu son tsofaffin kaya na cewa sautin kaset mai laushi ne, ba ya cutar da kunne kamar na waya. Wannan ba shi da tushe. Kunne bai san daga inda sauti ya fito ba, ƙarfinsa da tsawon lokacinsa kawai yake ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da haɗari ba. A desibel 90 lokacin ya koma awa 4, a desibel 100 kuwa minti 20 kacal a makon gaba ɗaya. Hirar yau da kullum tana wajen desibel 60 ne. Yara an rage musu zuwa desibel 75, abin tunawa ga mai kunna rikoda a ɗaki ɗaya da jariri.

Mafi haɗari a ganina ita ce maganar “kunnena ya saba”. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon koɗi, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi da ke mayar da girgizar sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani na gajiyar da su, shi ya sa bayan biki mutum kan ji kunnensa ya toshe ko yana kuka. Idan abin ya yi ta maimaituwa sukan mutu, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Wanda ƙarar jiya ba ta ishe shi yau ba, jinsa ne ya fara raguwa, kuma da yake ba ya zuwa da ciwo, sai a daɗe ba a lura ba.

Toshe kunne da auduga ma kariyarsa kaɗan ce. Gwajin da ba ya buƙatar na'ura shi ne wannan: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. Idan kuma lasifika ta fara kakari, ka wuce ƙarfin amfilifayar, kuma irin wannan gurɓataccen sauti ne ke ƙona ƙaramar lasifika mai fitar da siririyar murya. Kukan kunnen da ya ƙi tafiya bayan kwana ɗaya ko biyu, ko ji da ya ɗauke farat ɗaya, na likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, kuma na biyun ba a jinkirta shi.