Yadda Waya Ke Taimaka Wa Ɗalibi Zaɓar Wurin Wasan Ƙanƙara A Turkiyya

Ɗalibin da ya taso a Batsari ko Safana, iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturu. Idan karatu ya kai shi Santambul, abokai suka ce a je zamiya kan dusar ƙanƙara ranar Asabar, kuskuren zaɓen wuri na iya cinye kuɗin abincinsa na wata, ko ya hana shi darasin Litinin.

Abu na farko shi ne nisa. Google Maps zai nuna masa cewa Kartepe da ke lardin Kocaeli ya fi kusa, ana zuwa a dawo a yini guda. Uludağ na Bursa, mai tsayin mita 2,543, ya fi suna, amma kwana a can akwai tsada. Erciyes na Kayseri kuwa ya fi nisa, zuwa ta jirgin sama ya fi sauƙi.

Na biyu, yanayi. Ƙanƙara ta fi kwanciya daga Disamba zuwa Maris. Duk da haka, sai ya leƙa manhajar hasashen yanayi da kyamarorin wurin masu nuni kai-tsaye, domin iska mai ƙarfi kan sa a tsayar da na'urar hawa dutsen.

Na uku, kuɗi: tikitin hawa daban, hayar kaya daban, mai koyarwa daban.

Sannan sanyi yana kashe batir da wuri. Apple ma ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35. Saboda haka wayar ta zauna a aljihun ciki, a sauke taswira tun daga gida, a riƙe fawa bank.