Kalmomin Ingilishi a Cikin Ƙirar Hausa: Abin da Ake Ji a Birnin Kano

Ingilishi baƙo ne na kwanan nan a cikin birnin Kano. Sojojin Ingila sun shigo a watan Fabrairu na 1903, Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Makarantar da tashar jirgin da barikin duk a wajen ganuwa aka kafa su. Saboda haka mutumin Kurmi ko Jakara ko Mandawari bai koyi kalmomin Ingilishi daga littafi ba, da kunne ya tsince su daga bakin soja da masinja da leburan reluwe, ya kuwa furta su yadda harshensa ya saba. Abin da za mu duba a wannan maƙala shi ne yadda waɗannan kalmomi suka bi dokokin ƙirar kalma ta Hausa, da kuma abin da wannan ke nuna wa malamin da ke gyara rubutun ɗalibai.

Ba za mu daɗe a kan furuci ba, don an yi rubutu a kansa da yawa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa bread ya zama burodi, brake ya zama birki, glass ya zama gilashi. Harafin p ya koma f a fenti da famfo da fetur, ya kuma koma h a hoda da hoto, kamar yadda f ke yi gaban wasalin o a wasu kalmominmu na gado. Ko tasha ma station ce aka sassaƙe.

Jinsi ya fi wannan ban sha'awa. Sunayen abubuwa a Ingilishi ba su da namiji da mace, amma Bahaushe ba ya iya sa suna a jimla sai ya yanke masa jinsi, domin dirka da mahaɗi da wakilin suna duk suna jiran hukuncin. Dokar da ya bi ita ce ta gida: sunan da ya ƙare da wasalin a mace ne. Bature bai san mota da taya da waya mata ba ne, ƙarshensu ne ya jawo musu, sai muka ce mota ce, tayar keke, wayar ta katse. Bokiti da benci da kanti suka zama maza. In sunan na mutum ne, halitta ke rinjaye, watau direba ne, tela ne, amma likita ne ko likita ce. Akwai 'yan tawaye. Gwamnati da kotu ba su ƙare da a ba, mahaɗinsu ma na namiji ne, gwamnatin jiha, kotun ƙoli, amma kowa cewa yake gwamnati ta hana, kotu ta ɗage zama. A ganina sun gaji jinsin kalmomin da suka tarar a wurin ne, wato hukuma da shari'a.

A wajen jam'i ne ake ganin ƙarfin ƙirar sosai. Hausa tana da hanyoyin jam'i masu yawa, amma wadda ta fi karɓar baƙi ita ce ta hanya da hanyoyi, ƙofa da ƙofofi, inda ake sa o, a maimaita baƙin ƙarshe, a rufe da i. Ta nan muka sami direbobi, teloli, lauyoyi, sojoji, tayoyi. Abin lura shi ne motoci da likitoci da ofisoshi. Me ya kawo c da sh? Dokar ganɗantawa ce, wadda ke mai da t ta zama c, s ta zama sh, gaban wasalin i ko e, kamar a buta da butoci, tasa da tasoshi. Tsohuwar da ta fara cewa motoci ba ta san sunan dokar ba, amma ba ta karya ta ba. Wasu kalmomin sun bi wasu hanyoyin: bankuna da kantuna da kotuna, bokitai, har da sulalla, jam'in sule, wanda ya bar hannun mutane tun da aka kawo naira da kwabo a 1973. (Sisi ma ya tafi, amma har yanzu wanda aljihunsa ya bushe yakan ce ba shi da ko sisi.) Ita kuwa s ta jam'in Ingilishi ba ta da ma'ana a kunnen Bahaushe. Mai takalma a Kurmi zai ɗaga ƙafa ɗaya ya ce silifas ne, kamar dai yadda al ta Larabci ta manne a alƙali da alƙalami tun ƙarnoni kafin zuwan Turawa.

Aikatau kuwa Hausa ba ta cika aronsa kai tsaye ba, domin kowane aikatau sai ya zauna a ɗaya daga cikin azuzuwan da F. W. Parsons ya tsara a 1960, da wasalinsa na ƙarshe da karin sautinsa. Hanya mai sauƙi ita ce a ari kalmar a matsayin suna, a jingina ta da yi: yi fakin, yi rajista, yi oda, yi waya. Amma akwai waɗanda suka ƙetare wannan shinge, kuma mafi kyawun misali shi ne canji. Bahaushe ya saba jin j a matsayin z da ta ganɗanta, kamar a kaza da kaji. Da ya ji canji, sai ya ƙaddara akwai z a ƙarƙashinta, ya ƙirƙiro canza, kalmar da z ɗinta ba ta da asali ko kaɗan a Ingilishi. Daga nan ta bi azuzuwan kamar 'yar gida: ya canza riga, ya canzo kuɗi daga kasuwa, halinsa ba ya canzuwa, an caccanza musu wurin zama. Kalmar da ta kai wannan matsayi ba a kiranta baƙuwa kuma.

Akwai ma'auni guda da nake ba ɗalibaina don gane wadda ta zauna da wadda ke bakin ƙofa, shi ne mahaɗi. Wadda ta zauna tana ɗaukar n ko r a jikinta: motar Audu, teburin malam, ofishin hakimi, inda ofis ta sami wasali har s ɗinta ta ganɗanta. Wadda ba ta zauna ba sai an riƙe ta da ɗin, kamar bas ɗin nan. Wannan ɗin shi ne kuma abin da 'yan boko ke rataya Ingilishi tsantsa da shi, a ji mutum ya ce ya yi submitting ɗin takardarsa. Nan ba aro aka yi ba, harshe biyu aka gwama a jimla ɗaya.

Dalilin da ya sa na tsawaita a kan wannan shi ne abin da nake gani a takardun jarrabawa. Malami zai ja jan layi a ƙarƙashin canza ya rubuta sauya, ya soke asibiti ko tebur don wai ba Hausa ba ne, alhali ƙamusun Bargery na 1934 ma bai ƙyamaci kalmomin aro ba, balle Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sa'an nan malamin nan zai wuce jimla irin "a ƙarshen rana gwamnati za ta ɗauki mataki" bai ce komai ba, domin kowace kalma a cikinta ya san ta. Amma "a ƙarshen rana" a nan ba magariba ake nufi ba, salon maganar Ingilishi ne aka juyo kalma da kalma, inda Bahaushe zai ce daga ƙarshe, ko a ƙarshe dai. Haka "ba da hankali" a maimakon mai da hankali, da "ɗauki wanka" a maimakon yi wanka. Wasu daga cikin irin waɗannan, kamar ɗaukar mataki da taka rawa, rediyo da jarida sun riga sun dasa su, ban kuwa ga alamar za su tumɓuku ba. Sauran ne ya kamata jan alƙalamin ya koma kansu. Irin wannan juyi ba kasafai ake jinsa a rumfunan teloli na Kurmi ko a zaurukan Mandawari ba, a bakinmu yake, mu da muka yi karatu da Ingilishi har muka saba yin tunani da shi kafin mu buɗe baki da Hausa.