PCM ko Dolby: Wanne Ya Dace da Soundbar Ɗinka?

Ma'aikacin masana'anta a Sharada, Challawa ko Bompai kan tara albashi ya sayi soundbar mai Dolby Atmos, ya haɗa ta da waya ta Bluetooth, amma bai ji sauti na zagaye ɗaki ba. Dalili kuwa, Bluetooth hanya biyu kawai yake ɗauka: hagu da dama.

Maganin yana cikin saitin sautin talabijin. In soundbar ɗinka 2.1 ce, zaɓi PCM. In 5.1 ce, zaɓi Bitstream, ka haɗa da kebul na optical ko HDMI ARC. Atmos marar matsi kuwa sai da eARC, wanda ya zo tare da HDMI 2.1 a 2017.

In waƙoƙin waya ka fi saurare, 2.1 ta wadatar. Adana sauran kuɗinka.