Tsutsar Haƙori da Shayin Fada

Ran nan ƙanena, mai karatun likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni, ya iso fadarmu a Yamai dafe da kunci, ya kwana bai runtsa ba. Baba maigadin maƙwabtanmu ya haska bakin da fitilar waya, ya hango baƙin rami a haƙorin tauna.

"Tsutsa ce, ɗana. A yi maka turare ta faɗo."

"Baba, ai babu tsutsa a haƙori," in ji shi, yana miƙa hannu ya karɓi kofin shayi na biyu.

Gaskiyarsa. Ƙwayoyin cuta da ke manne a jikin haƙori su ne ke cin sukari su fitar da sinadari mai tsami, tsamin ya riƙa narkar da farin ɓawon haƙori har rami ya buɗe. Sai dai ilimin nasa bai hana shi abin da ya jawo ramin ba, kuma yana riƙe da shi a hannu.

Mutane sun ɗauka yawan sukari kaɗai ne illa. Yawan komawa gare shi ya fi ɓarna. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, yawu na buƙatar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya kashe tsamin. To dubi zamanmu: a hura gawayi bayan isha'i, shayi na farko ya fito da ɗacinsa da kumfarsa, kafin baki ya huta na biyu ya zo, na uku kuwa kusan ruwan sukari ne zalla. Haka haƙori zai jiƙu cikin tsami har tsakar dare, sannan a kwanta ba buroshi ba asuwaki, a daidai lokacin da yawu ke raguwa. Wanda ya shanye zaƙinsa lokaci guda tare da abinci ya fi mu tausayin bakinsa.

Masu cewa zuma ba ta ɓata haƙori saboda magani ce, su yi haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2015, ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace cikin sukarin da ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga babba.

Jan haƙori ma ba kullum ne ƙazanta ko goro ba. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan rijiyoyin burtsatse da aka soma sha a shekarun 1980 ya zo da sinadarin fulorayid fiye da kima; haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Sinadarin nan kuwa shi ne ake sawa kaɗan a man goge baki don kare haƙori.

Jita-jitar da ta fi tsada ita ce ta noma, ciwon da ke cinye kuncin yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6. Wasu iyaye kan ɗora shi kan iska su nufi boka. Alhali daga kumburin dasashi yake farawa, a jikin yaron da tamowa ko ƙyanda ta raunana, kuma in an kai shi asibiti da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsayar da shi. Sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Ƙanena dai ya je an cike masa ramin. Da ya dawo fada ya ce a zuba masa na farko kawai. Baba maigadi ya karɓe na ukun, har yanzu kuma yana kan bakansa cewa likitan ya ga tsutsar, faɗa ne bai yi ba.