NEMAN DIYYA IDAN SAKACIN MAI AIKI YA JAWO WA MUTUM HASARA

Kullum jama'ar ƙasar nan suna danƙa dukiyarsu a hannun masu sana'a da kamfanoni. Wani ya bar motarsa wajen makanike, wani ya ba direba buhunan hatsi, wani kuwa ya haɗa injin niƙansa da wutar kamfanin lantarki. Idan ɓarna ta auku, sau da yawa sai mai kaya ya ce ƙaddara ce ya haƙura, ko kuwa ya hasala har a kai ga ba hammata iska. To, akwai hanya ta uku wadda doka ta shimfiɗa, watau neman diyya. Amma fa diyya ba ta samuwa sai da hujja, kuma sai an nema cikin lokaci.

Mene ne sakaci a wurin shari'a?

Ba kowace hasara ce ake biya ba. Tilas mai nema ya tabbatar da abu uku. Na fari, cewa nauyin kula da dukiyar ya rataya a wuyan wanda ake ƙara. Na biyu, cewa bai kula ba kamar yadda mai hankali a cikin wannan sana'a zai kula. Na uku, cewa wannan rashin kula shi ne ya haddasa ɓarnar. Alal misali, idan mai haɗa waya ya sa siririyar waya inda ake bukatar mai kauri, ta ɗau zafi har shago ya ƙone, to, sharuɗɗan nan uku sun cika.

Idan kuwa kayan a hannun mai aikin suka lalace ko suka salwanta, kamar tufafi wajen mai wanki, to, shi ne zai nuna cewa ba da sakacinsa abin ya faru ba. Wannan ba baƙon hukunci ba ne ga jama'a, gama a fiƙihun Malikiyya ma ana ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka karɓa suka tafi da su.

Abin da dokar Tarayya ta tanada

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ita ce ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta maye gurbin majalisar kare masu saye da aka yi wa doka a 1992. Sashe na 130 na dokar ya ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a gama masa cikin lokaci, a yi shi da inganci, a kuma mayar masa da dukiyarsa ba tare da ta fi yadda ya ba da ita lalacewa ba. Har wa yau dokar ta hana mai aiki ya fake da wani sharaɗi don ya kuɓuta daga hasarar da mummunan sakacinsa ya jawo. Saboda haka rubutun nan da akan gani a jikin rasit ko a bango, mai cewa ba ruwan kamfani da abin da ya sami kaya, ba kullum yake wanke shi ba.

Matakan da za a bi

1. A tsare hujja. A ɗauki hoton ɓarnar nan take, a rubuta rana da sa'a, a san waɗanda suka gani da idonsu. Kada a jefar da abin da ya lalace, kada kuma a gyara shi kafin wanda ake zargi ya zo ya gani. Idan gobara ce, a nemi rahoton 'yan kwana-kwana.

2. A ƙiyasta hasarar. A tattara rasit na saye, a sami wani gwani dabam ya rubuta sanadin ɓarnar da kuɗin gyara. Kotu ba ta ba da irin wannan diyya da ka. Sai an lissafta kowane abu da kuɗinsa, an kuma kawo shaida a kansa.

3. A rubuta takardar koke. A aika wa mai aikin ko kamfanin, a faɗi abin da ya faru, da adadin da ake nema, da wa'adin amsa. A riƙe kwafin da aka sa wa hannu ko hatimi, gama maganar baka ba ta barin sawu.

4. A kai ga hukuma. Idan ba a daidaita ba, sai a kai kuka ga FCCPC ko ga hukumar da ke lura da wannan fanni. Game da lantarki, ƙa'idar hukumar NERC ta ba kamfanin rarraba wuta kwanakin aiki 15 ya warware koke. In ya kasa, sai a tafi ofishin zauren sauraron koke na hukumar. Tun daga 2024 wasu jihohi sun karɓi wannan aiki, can kuwa hukumar lantarki ta jiha ake nufa. Idan ma'aikatar gwamnati ce ta yi ɓarnar, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, kuma ba ta karɓar ko kwabo.

5. A shigar da ƙara. An buɗe kotunan ƙananan ƙararraki a Legas a 2018, a Kano a 2019, wasu jihohi kuma sun bi sahu. Mutum yana iya tsayawa da kansa a gabansu ba lauya. Wanda ba shi da hali kuwa yana iya neman taimakon hukumar ba da lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976.

Abin da kan rage diyya ko ya kashe ta

Idan mai kaya yana da hannu a cikin ɓarnar, kotu takan rage masa gwargwadon laifinsa. Wanda ya yi satar wuta bai da bakin kuka in kayansa sun ƙone. Haka nan wanda ya ga ruwan famfo yana malala cikin ɗaki ya bar kaya a ciki, ba za a biya shi abin da da ya iya tserarwa ba. Manufar diyya ita ce a mayar da mutum inda yake kafin ɓarna, ba a azurta shi ba.

Jinkiri kuma shi ne babban abokin gāba. Dokokin jihohi sun yanka wa'adin shigar da irin wannan ƙara, wasu shekara 5, wasu 6. Amma in jami'in gwamnati ko hukuma ake ƙara a kan aikin ofis, galibi wata 3 kacal doka ta bayar. Kai-da-kawo da takardu ba lalle ne ya tsayar da ƙidayar kwanakin ba.

Saboda haka ana kira ga jama'a su riƙa karɓar rasit a kan kowane aiki, su rubuta yarjejeniya kome ƙanƙantarta, su kuma nemi haƙƙinsu cikin lumana tun ɓarnar tana ɗanya. Masu sana'a kuwa su tuna dukiyar da aka danƙa musu amana ce, kuma doka za ta tambaye su a kanta.