Mai Son Barin Giya, Ga Inda Zai Sami Abokan Taimako

Ya kai mai gida, in akwai wanda giya ta kama a gidanka, ko kuwa kai ne da kanka, to, wannan takarda taka ce. Da burukutu da bammi da ogogoro da giyar kwalba, suna ne ya raba su, ɓarnarsu ɗaya. Su kan lalata hanta, su ƙarar da hatsin rumbu tun kafin bazara, su raba mutum da iyalinsa. Wanda ya daɗe yana sha jikinsa ya kan saba, har in bai sha ba ya rasa sukuni. Wannan ciwo ne, likitoci sun san shi. Zagi da duka ba su warkar da shi. Rantsuwa ma sau da yawa ba ta wuce ranar kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka mai son bari ya nemi 'yan'uwansa masu irin ciwonsa.

Asalin taron

A shekarar 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, waɗansu mashaya biyu suka haɗu. Ɗaya Bill Wilson, dillali ne, ɗayan Bob Smith, likita mai fiɗa. Suka lura in sun zauna suna gaya wa juna gaskiyar halinsu, ƙishirwar giya ta kan ragu. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, watau mashayan da ba a bayyana sunansu, a taƙaice A.A. A 1939 suka buga littafinsu mai matakai 12. A 1951 kuma aka kafa Al-Anon domin matan mashaya da danginsu. Yau ana irin wannan taro a ƙasashe da yawa.

Abin da a ke yi a can

Ba likita ke shugabanta ba, waɗanda suka ɗanɗana ciwon ne. Ba a biyan kuɗin shiga. Sunanka na yanka kaɗai za ka faɗa. Kowa ya yi magana a kan kansa, sauran su saurara, ba gori, ba dariya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin ya ke tsayawa. Ba a ce ka yi alkawarin shekara ba. Na yau kaɗai za ka riƙe, gobe kuma ka sabunta.

Yadda za ka nemi taro

1. Fara da ɗakin shan magani na kusa da kai. Keɓe malamin asibiti ka tambaye shi. Rufa asirinka wajibi ne a kansa.

2. In bai sani ba, ya ba ka takarda zuwa babban asibiti. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a jihar Sakkwato, da na Maiduguri suna duba masu shaye-shaye. Zuwa can ba hauka ba ne.

3. Tambayi liman ko fasto wanda ka amince da shi.

4. Taron A.A. galibi a manyan birane a ke samunsa, waɗansu kuma ta wayar hannu a ke yinsu. Sa ɗanka ko ƙanenka mai karatu ya bincika maka.

In ka samu, tambayi rana da lokaci, da harshen da a ke magana da shi, da ko an yarda dangi su shiga. Je sau uku ko huɗu kafin ka ce bai yi maka ba. Amma duk inda a ke ɗaure mutum da mari, ko a ke dukansa, guje shi. A 2019 'yan sanda sun fid da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a jihohin Kaduna da Katsina.

In babu taro a ƙasarku

Mutum biyu suka fara na Akron. Nemi ɗaya ko biyu masu niyya irin taka, ku sa rana ɗaya a mako. Maraicen kasuwa ya fi, don a lokacin ne jaraba ta fi ƙarfi. Ku zauna a zaure, nesa da gidan giya. Wanda ya zame ya sha, kada ku kore shi, ku jawo shi.

Gargaɗi

Wanda ya ke sha da yawa kullum kada ya bari farat ɗaya shi kaɗai a gida. Cikin kwana ɗaya zuwa uku ya kan iya samun rawar jiki, da gumi, da farfaɗiya, da gane-gane, har ta kai ga rasa rai. Ya fara ganin likita tukuna, akwai maganin da ke sauƙaƙa wannan. In kun ga alamun, ku kai shi asibiti nan da nan. Taro ba ya maye gurbin asibiti, tare su ke aiki.

Karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba. Allah ya ba mu lafiya.